Wasiƙa zuwa Kwatano: gyaran gashi da bigudi da naɗin kai

Damagaram, tsakiyar hunturu

Aminiyata,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara da maigidan, ya kuma zaman baƙunta? Mutanen Birni da na Zengo duk suna gaishe ki. Saƙonki ya iso, kin ce kin daina shafa man miƙar da gashi, kuma kina so gashin ya kwanta ya yi sheƙi ba tare da an gasa shi da ƙarfe mai zafi ba. Wallahi na ji daɗi, don gashi mai murɗiya da cika irin naki bai kamata a kashe shi da magani ba. Bigudi za ki nema, abin nan da ake naɗe gashi a jikinsa, wanda 'yan Najeriya ke ce wa rola, sannan naɗin kai ya biyo baya, wato naɗe gashin kansa ya zagaya kai.

Gashi yana karɓar siffa ne yana jiƙe, ya riƙe ta in ya bushe. Ruwa ke sassauta murɗiyar, bushewa ta ɗaure shi a yadda ta same shi. Duk aikin a kan wannan ya tsaya.

Ki wanke kai da shamfu sau 2, tsohon mai ya fita tas. Ki sa kirim mai sa laushi ya yi minti 15, ko ruwan karkashi in kina da shi, santsinsa na warware sarƙewa. Ki taje da babban mataji daga baki zuwa tushe, ki ɗauraye. Kada man kaɗanya ko man shanu ya kusanci kan a wannan lokaci. Mai nauyi yana hana bushewa, gashin ya fito a dunƙule, ya lafe ba motsi. Abin da ake so kumfar gyaran gashi ce, wadda ake ce wa mus, ɗan kaɗan a kowane yanki.

Ki sayi bigudi na roba mai sulɓi, ba mai ƙaya-ƙayar nan da ke kama gashi ba, wancan tsinke namu yake yi. In miƙewa kike so, ki ɗauki manya, masu kaurin santimita 4 zuwa 5. Ƙanana na santimita 2 lanƙwasa suke bayarwa. Gajeren gashin ƙeya kuwa dole ƙanana, don sai gashi ya zagaye bigudi aƙalla sau ɗaya da rabi yake kamawa.

Wurin tsaga ne yawancin mata ke faɗuwa. Ki fara da layi ɗaya daga goshi zuwa ƙeya ta tsakar ka, sannan gefe da gefe. Kowane yanki kada faɗinsa ya wuce tsawon bigudin, kada kaurinsa ya wuce kaurin bigudin. In kika cika shi, waje zai bushe, ciki na nan da danshi. Ki ajiye kwalbar fesa ruwa a gefenki, duk yankin da ya fara shan iska ki sake jiƙa shi sharaf. Ki taje da ƙaramin mataji, ki ɗaga yankin sama ki ja shi ya miƙe, ki shimfiɗa bakin gashin a jikin bigudi da ɗan yatsa har ya manne, sannan ki naɗo zuwa tushe ba tare da kin saki jan ba. Bakin da ya lanƙwashe tun farko zai bushe kamar ƙugiya, ba matajin da zai gyara shi. Tushen da bai ji ja ba kuma shi ne ke tashi buzu-buzu a ƙarƙashin gashi mai sulɓi. Amma jan ya tsaya inda ba ya ciwo, musamman a gefen goshi, inda gashi ba shi da ƙarfi. Maƙalin ƙarfe da ke riƙe bigudin ki soke shi a ƙasa, dab da fata. In ya hau saman gashi zai bar shaida.

Sai kaske, na'urar busar da gashi da ake zama a ƙarƙashinta. Matsakaicin zafi, awa 1 zuwa 2 gwargwadon cikar gashi. Nan Damagaram iskar hunturu kaɗai tana iya busar da kai cikin yini, amma ku da ke bakin teku kada ki dogara da iska. Kafin ki kwance, ki bari kan ya huce minti 10, ki buɗe guda ɗaya a tsakar ka inda ya fi cika, ki taɓa bakin da ke can ciki. In kin ji sanyi, da sauran ruwa, ki mayar ki ƙara minti 20. Don Allah kada gajiya ta sa ki yi gaggawa a nan, danshi kaɗan ya isa ya mai da gashin gidan jiya kafin la'asar.

Naɗin kai ba wuya. Bayan kin kwance bigudin duka, ki murza ɗigo 3 ko 4 na mai marar nauyi a tafin hannu ki shafa, ki yi tsaga a gefe, ki riƙa taje gashin yana zagaya kai ta fuska ɗaya kamar naɗin rawani, hannu na bin bayan mataji yana kwantar da shi. Ki rufe da leda siririya, ki koma kaske minti 10 zuwa 15, ki bari ya huce, ki taje shi ƙasa.

Kowane dare ki sake naɗawa ki ɗaura kallabi mai sulɓi, auduga tana shanye man gashi. Ki riƙa sauya fuskar naɗin don kada gefe ɗaya ya gaji ya karye. Naɗin yana kwanciya lafiya a ƙarƙashin hijabi, sai dai zufa abokiyar gabarsa ce, haka turirin kicin. Wurin alwala ki yarfe hannu kafin shafar kai. In kin kiyaye zai kai ki mako guda, ko da yake da laimar garinku ina jin kwana 4 ko 5 ne.

Zan ba mai zuwa wajenku ƙullin karkashi daga Kasuwar Dole. Ki gaida yara, ki turo mini hoto in kin gwada.

Taki har kullum,
Aminiyarki