Kafin a fara wa Kakarka jinyar maganaɗisu

Ɗana,

Bayan gaisuwa, na ga saƙonka cewa likita na son a gwada wa Kakarka jinyar maganaɗisu da suke kira TMS, tunda an sauya mata ƙwayoyi sau biyu amma ciwon damuwar bai sake ta ba. Na yarda a yi, sai dai ka riƙe waɗannan.

Ba tiyata ba ce, ba a sa mutum barci. Zaune za ta yi a kujera, a jingina mata murɗaɗɗiyar waya mai aika bugun maganaɗisu zuwa ƙwaƙwalwa a gefen hagu na kai, can sama da goshi. Ranar farko awo ake yi: a riƙa aika bugun zuwa ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke juya hannu har babban yatsanta ya motsa, sannan a ƙara kashi 20 cikin ɗari a kan ƙarfin da ya motsa shi, da wannan ƙarfin za a riƙa yi mata jinyar. In ka ga yatsan na harbawa, kada ka firgita.

Zaman da aka saba kusan minti 37 ne, bugu 3,000. Akwai gajere na minti 3, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2018, shekara goma bayan na farkon. Kwana 5 a mako, mako 4 zuwa 6.

Ga inda tsoho ya bambanta da yaro. Ƙwaƙwalwa na tsukewa da shekaru, musamman gabanta, sai tazararta da ƙoƙon kai ta ƙaru, shi kuwa maganaɗisu da ya yi nisa ƙarfinsa ke faɗuwa. Awon yatsa na iya yin daidai, bugun kuma ya kasa isa inda ake so. Ka tambayi likita ko ya lissafa wannan. Tsofaffi kan yi jinkirin samun sauƙi, don haka kada ku janye a mako na biyu.

Ka faɗa masa duk ƙarfen da ke jikinta: na'urar ji da aka dasa a kunne, maƙalin ƙarfe da ake sa wa jijiyar jini a cikin kai, na'urar bugun zuciya. Cikon haƙori ba komai. A cire mata abin ji na maƙalawa in tana sawa, a toshe kunnuwan, don ƙarar ba kaɗan ba ce. Ciwon kai da zafin fatar kai sukan lafa bayan 'yan kwanaki. Farfaɗiya ba kasafai take zuwa ba, amma rashin barci, tramadol, ko sauya magani ba da sanin likita ba suna buɗe mata ƙofa.

In ta daina cin abinci ko ta fara zancen kashe kanta, kada ka jira maganaɗisu, ku je asibiti ranar. A wannan hali jinyar lantarki ta ECT ta fi saurin aiki.

Ka gaishe min da ita.

Mahaifiyarka