A bar mana hanyar zuwa bakin ruwa

Malam Edita, assalamu alaikum, ya aiki ya jama'a. Dan Allah a ɗan ba ni fili in amayar da abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya.

Ni mutumin Yelwan Yauri ne, na yi shekaru ina kai albasa Legas. A wancan lokacin in mun sauke kaya mun huta, ran Lahadi sai mu hau danfo mu nufi Bar Beach a bakin teku, ba mai tambayar ka ko sisi, ka tuɓe takalmi ka taka yashi, ga 'yan uwanmu masu dawakai suna ɗora yara suna samun na abinci, ga masu fararen riguna can gefe suna ta addu'o'insu, igiyar ruwa ta taso kamar za ta haɗiye mutum ta koma. Yau wurin nan sai labari, an cike shi da yashi an kafa sabuwar unguwar Eko Atlantic a kai. Gaskiya dai teku na cin gaɓar har ruwa na hawowa titi, ban ce babu dalili ba, amma talaka dai ya rasa wurin shan iska. A 2024 ma an rushe wani sashe na Landmark Beach saboda titin Legas zuwa Kalaba. Mafi yawan wuraren da suka rage sai ka biya kuɗin get kafin ka ga ruwan da Allah ya yi kyauta.

To abin da ya sa na ɗauko wannan zance, kwanakin baya na ɗauki jikokina biyu a mashin, na ce bari in nuna musu inda muka koyi iyo a bakin Neja. Wuri ne mai kyau wallahi, da la'asar sakaliya za ka ga ruwa ya yi ja, masunta na dawowa da ƙarfasa da tarwaɗa a kwale-kwale, mata na wanki, Fulani na gangaro da shanu mashaya. Muna isa sai ga katangar bulo doguwa har cikin ruwa, da waya mai ƙaya a sama. Maigadi ya leƙo ya ce "Baba sai haƙuri, an sayi wurin, masauki za a gina." Na ce to ta ina masunta ke bi? Ya nuna min can nesa da baki. Ƙaramin jikan nawa ya ce Kaka to kogin ma sun saye? Na rasa ta cewa, muka juya.

Mu fa mutanen Yauri mun san ciwon rabuwa da gaɓa. Da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya ci garuruwa da tsibirai, aka kwashe dubban mutane aka sake musu matsuguni, Gungawa da dama har yau suna ba da labarin. Wancan an ce don wutar lantarki ne, ta kowa da kowa. Wannan fa, don wa?

Ba na ƙin ci gaba, a gina otal mana, baƙi masu zuwa kallon Rigata, bikinmu na wasannin ruwa, su samu wurin kwana, yaranmu su samu aiki. Amma tunda dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna amana, ina roƙon gwamnatin Kebbi da masarauta, duk wanda za a ba takardar fili a bakin kogi a rubuta masa ƙarara cewa zai bar hanyar jama'a da mashaya da wurin ɗaure jirgi, kuma a zauna da Sarkin Ruwa kafin a sa hannu, shi ya san inda ake bi. Mutanen Argungu ku ma ku sa ido kan kogin Matan Fada.

Juma'a mai zuwa in Allah ya kai mu zan kai yaran can wajen Ngaski, an ce min har yanzu akwai inda ake gangarawa ruwa ba a tambayi kowa ba.

Naka mai bibiyar jaridarku kullum,
daga Yelwan Yauri, jihar Kebbi.