Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Wanda Ya Kira Mu Iyayen Gidan Ƙauraye

Assalamu alaikum, Alhaji.

Bayan gaisuwa da fatan iyali suna lafiya. A zauren tattaunawa kan rikicin zaɓe da aka yi a nan birnin Katsina, ka miƙe a gaban jama'a ka ambaci sunana, ka tambaye ni abin da reshen matasa na jam'iyya ya taɓa tsinana wa jihar nan ban da raba adda da ƙwaya. Ka ce mu da muke horar da shugabannin matasa na gunduma mu ne iyayen gidan Ƙauraye, wato 'yan dabar Katsina, kuma gara a soke reshen baki ɗaya tunda kwaikwayon Turawa ne. Lokaci ya ƙure ban samu damar amsawa ba, kai kuwa da dare ka sake saka maganar a Facebook. Tunda a fili ka yi, a fili zan amsa.

Batun kwaikwayon Turawa ba zan tsaya a kansa ba. Akwatin zaɓe ma ba a Gobarau aka ƙirƙiro shi ba, kuma ban ji ka ce a daina jefa ƙuri'a ba. Abin da ya yi mini ciwo shi ne kalmar iyayen gida. Ka san ni shekaru da yawa, ka san gidan da na fito, kuma ka san babu uban da ya taɓa tsayawa a ƙofata yana neman jinin ɗansa.

Ka ce tarihin reshen matasa tarihin sara ne. Bari mu bi shi. Tun kafin a samu jam'iyya a Arewa, matasan da ke bayan Dakta Azikiwe suka kafa ƙungiyar Zikist a 1946, kuma gwamnatin mulkin mallaka ta haramta ta a 1950 saboda ta ga sun fi iyayensu zafi wajen neman 'yanci. A wannan shekarar ce, ranar 8 ga Agusta, aka kafa NEPU a Kano. Jam'iyyar ba ta da hakimi, ba ta da alƙali, ba ta da ɗan doka, domin duk waɗannan suna hannun En'e, wato hukumar mulkin sarakuna, En'e kuwa tana tare da jam'iyyar NPC. Abin da take da shi samari ne: teloli, 'yan koli, almajirai, ƙananan ma'aikata. Su ne suka zama Rundunar Samarin Sawaba. Aikinsu sayar da katin jam'iyya, karɓar kuɗin taimako, neman izinin lacca a wurin hukumar da ba ta son bayarwa, hardace waƙoƙin siyasa a kai su ƙauyukan da jarida ba ta zuwa, da ɗaukar nauyin iyalin wanda aka ɗaure. An ɗaure da yawa, an yi wa wasu bulala a kan abin da bai wuce faɗin “Sawaba”, taken NEPU, a kasuwa ba. Har doka Gwamnatin Jihar Arewa ta yi a 1958 ta hana yara shiga harkar siyasa, kuma kowa ya san wace jam'iyya ce yara ke rera waƙarta a lungu.

Ba zan ɓoye ɗaya gefen ba, don ba na son ka ce na wanke tarihi. A Kano an yi ƙungiyar da ake kira Jam'iyyar Mahaukata, wadda ke afka wa 'yan NEPU, su kuma suka kafa tasu rundunar ta kare kai, aka yi ta fasa kawuna. Amma ka lura da abu guda: ko a wancan lokacin ƙungiyar duka daban take da reshen matasa. Sunanta daban, mai ciyar da ita daban, kuma ba talaka ba ne ke ciyar da ita.

Da aka ɗage haramcin siyasa a 1978, mu nan muna cikin tsohuwar Jihar Kaduna, domin sai 23 ga Satumba 1987 aka ba mu tamu. NPN ce ke da kuɗi da manyan mutane, ita ce kuma ta kwashe rinjaye a majalisar jiha a 1979, amma Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa na PRP ya ci kujerar gwamna. Da aka tsige shi a Yunin 1981, ɗan ƙasar Katsina, Alhaji Abba Musa Rimi, ya gaje shi. Wa ya kai alamar mabuɗi ta PRP gida-gida daga Funtua zuwa Daura? Malaman firamare, ɗalibai da samarin unguwa. Cikin matasan da suka bi PRP a lokacin akwai Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa, yana malamin makaranta, alhali mahaifinsa Matawallen Katsina jigo ne a NPN. Ya yi takarar gwamna a SDP a 1991 ya faɗi, ya ci a 1999, ya zama shugaban ƙasa a 2007. Idan kana neman abin da shigar matasa jam'iyya ta haifar wa Katsina, ga shi nan, kuma bai shiga da gora ba.

Yanzu aikin yau, wanda na tabbata ka sani amma ka bar shi a aljihu da ka tashi magana.

Jihar Katsina tana da ƙananan hukumomi 34, gundumomi 361, da rumfunan zaɓe sama da dubu shida. Kowace jam'iyya tana buƙatar ejan ɗaya, wato wakilinta, a kowace rumfa, mutumin da ya iya karatu da lissafi, ɗan unguwar, wanda zai iya tsayuwa daga safe har dare. Ba dattawan jam'iyya ne za su yi wannan ba. Shugaban matasa na gunduma ne ke zaƙulo su, kuma aikinsa yana farawa fiye da shekara kafin zaɓe. Shi zai bi gida-gida ya san wanda ya cika shekara 18 bai yi rajista ba, da amaryar da aka kawo daga wani gari tana buƙatar a mayar da rajistarta rumfar mijinta, da wanda katinsa ya fito yana kwance a ofishin INEC bai karɓa ba. Idan hukumar ta kafe rajista don gyara, shi zai je ya duba sunayen matattu da waɗanda aka maimaita. Sannan a tura sunayen ejan da hotunansu ga hukumar makonni kafin zaɓe, domin wanda ba shi da katin shaida jami'in rumfa yana da ikon korarsa.

Ranar zaɓe ana buɗe rumfa ƙarfe takwas da rabi na safe. Ejan nagari yana wurin kafin nan. Zai ga an nuna akwati babu komai a ciki, zai ga na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS tana nuna sifili kafin a tantance mutum na farko, zai rubuta yawan takardun ƙuri'ar da aka kawo. Ƙarfe biyu da rabi ake rufe layi, amma duk wanda ke kan layi a lokacin sai ya jefa. Wajen ƙirga zai sa ido a kan ƙuri'un da aka ce sun lalace, don a nan ake yi wa jam'iyya illa ba tare da hayaniya ba. Abu mafi muhimmanci shi ne ya kwatanta jimillar ƙuri'u da adadin da na'ura ta tantance, domin a ƙarƙashin dokar zaɓe, idan ƙuri'u suka zarce waɗanda aka tantance, an soke sakamakon rumfar. Bayan nan ne zai sa hannu a fom EC8A, takardar sakamakon rumfa, ya duba lambobi sun dace da abin da aka rubuta da kalmomi, ya karɓi kwafinsa, ya ga an ɗauki hoton takardar da na'ura, sannan ya bi ta har cibiyar tattara sakamako ta gunduma inda ake cike EC8B.

Ga inda abin ke lalacewa. Ana horar da yara, sai daren tura sunaye wani babba ya cire su ya saka 'ya'yan ƙannensa saboda alawus. Ana tura ejan ba abinci ba ruwa, da la'asar ya tafi neman abin da zai ci, a ƙirga ba ya nan. Wani wayarsa ta mutu babu abin caji. Wani don gajiya ya sa hannu a fom ɗin da ba a cike ba. Mafi yawa kuma su tsaya murna a rumfa, babu wanda ya bi takarda zuwa gunduma, inda 81 ke iya komawa 18. Sai a garzaya kotun zaɓe, wadda ta ba mai ƙara kwana 21 kacal ya shigar, ita kuma kwana 180 ta yanke hukunci, a tarar babu kwafin EC8A, babu ejan da zai tsaya ya ce na gani da idona. Shari'o'i da yawa a nan suke mutuwa. Wannan shi ne abin da muke koyarwa, Alhaji. Babu darasi ɗaya a ciki da ke buƙatar barandami.

Ka tsaya ka yi lissafin abin da ɗan daba ke yi ranar zaɓe. Idan aka fasa akwati, sakamakon rumfar aka soke. Saboda haka ba a tayar da rikici a inda jam'iyya ke da ƙarfi, sai a inda abokin hamayya zai kwashi ƙuri'a, kuma sai a rumfa mai yawan jama'a. Yaron da aka ɗura wa ƙwaya tun asuba bai san wace rumfa ce ke da masu rajista ɗari bakwai ba, wace ce ke da ɗari biyu. Wanda ya sani shi ne mai rajista a gabansa, mai motar da za ta kai su, mai lambar da zai kira a sako su idan an kama su. Shugaban matasa na gunduma, wanda kuɗin man babur ke gagararsa, ba shi da ko ɗaya cikin ukun nan. A Kano 'yan daba ne, a Gombe Kalare, a Bauchi Sara-suka, a nan Ƙauraye, kuma ko'ina mai gidan yana zaune a falo mai sanyi. Sashe na 227 na Tsarin Mulkin 1999 ya haramta wa kowace ƙungiya tara mutane ko horar da su don amfani da ƙarfi a siyasa. Yara nawa aka kama, manya nawa aka gurfanar?

Na yarda akwai shugabannin matasa da suka zama 'yan kwangilar taro, a ba su kuɗi su cika fili da riguna da babura, kuma ta hannun irinsu kuɗin banga ke bi wani lokaci. Ina jin kunyar wannan. Amma ka tambayi yadda suka hau kujerar. Ba matasa ne suka zaɓe su ba. An rubuta sunayensu ne a ɗakin otal a Abuja ko Kaduna da sunan maslaha, aka kawo takarda aka karanta a gunduma. Ta wannan hanyar ce ake samun mai jikoki yana riƙe da kujerar shugaban matasa. Ranar da aka daina sayen kati da biyan kuɗin wata, ranar reshen ya tashi daga hannun 'ya'yansa ya koma aljihun ɗan takara. Samarin Sawaba su ke ba jam'iyya kuɗi, shi ya sa suke da bakin magana a cikinta. Na yau an koya musu jiran ambulan.

Kuma an rufe musu ƙofar gaba. Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ya sa hannu a gyaran tsarin mulki ranar 31 ga Mayu 2018, aka rage shekarun takarar majalisar jiha da ta wakilai daga 30 zuwa 25, na shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35. Mun yi murna. Sai ga shi a 2022 jam'iyya mai mulki ta sa fom ɗin majalisar jiha naira miliyan biyu, na wakilai miliyan goma, na gwamna miliyan hamsin. Ko da rangwamen da aka yi wa matasa, wane malamin firamare ne a Mani ko Ɓatagarawa zai iya? Idan ma wani ya saya masa, daliget ɗin da za su zaɓe shi a lokacin, uku ko biyar a gunduma gwargwadon jam'iyya, an riga an san gidan da suka kwana. A rajistar 2023 masu shekara 18 zuwa 34 sun kusa kashi arba'in cikin ɗari na masu zaɓe a ƙasar nan. An bar musu kujera ɗaya a kwamitin zartarwa, ba kasafi, ba ofis, kai kuma yanzu kana neman a ɗauke ɗayar.

Alhaji, ban so in faɗi wannan ba, amma ka tilasta ni. Kana da kujera a taron masu ruwa da tsaki, inda ake raba waɗannan muƙamai, ni ba ni da ita. Ban taɓa jin ka yi wannan tambaya a can ba. Ka zo ka yi ta ne a gaban kyamara, a daidai lokacin da matasan wasu gundumomi suka fara cewa ba za su sake karɓar sunayen da aka rubuto musu ba. Laifi tudu ne. Idan da gaske jinin yaran nan ya dame ka, kuma ina fatan ya dame ka, ka tashi a wancan zauren ka nemi a yi zaɓen shugabannin matasa a fili, layi-layi, a kowace gunduma, a sa iyakar shekaru a kujerar, a ware wa reshen kuɗin horar da ejan daga asusun jam'iyya ba daga aljihun ɗan takara ba, kuma a kori duk wanda ya je belin mai makami, ko wane ne shi.

Muna da horo na gaba bayan sallar Juma'a ta ƙarshen wata, kuma za a aiko maka da wurin. Ka zo ka zauna a baya, ka ga yara suna koyon cike fom da hannunsu. Idan ka ga adda ko ɗaya, ka sake kiran sunana a fili. Idan ba ka gani ba, ina jiran ka janye kalmar nan a wurin da ka faɗe ta.

Wassalam.

Naka,
Mai horar da shugabannin matasa na gunduma, Katsina.