Ga ƙannenmu masu shirin likitanci a Amurka

Salamu alaikum ƴan uwa. An kusa buɗe rajistar zango, shi ya sa na ce bari in ja kunnen sababbin zuwa.

Don Allah kada ku haɗa Organic Chemistry da fiziks da wani darasin lab (ɗakin gwaje-gwaje) mai nauyi a zango guda. Ni na yi, na sha wuya. Rahoton lab biyu duk mako, ƙarfe 3 na dare ina zaune da shayin da ya huce, idanu sun yi jawur, sallar asuba ma da ƙyar. Makin zangon nan har yau yana ja mini GPA, wato matsakaicin makin duk darussa, ƙasa.

Mai bizar ɗalibai ta F-1 da ke digirin farko dole ya ɗauki aƙalla kiredit 12 (ma'aunin nauyin darussa) a zango, amma ba wanda ya ce sai 18. Ku gama Biochemistry da Psychology kafin MCAT, jarrabawar shiga makarantar likitanci, tunda 2015 aka shigar da su cikinta. Jarrabawar tana cin kusan awa 7 da rabi, maki daga 472 zuwa 528.

In abin ya fara cin rai, ofishin ba da shawara na makaranta yana nan, ba abin kunya ba ne. Mai son in duba masa jadawalinsa ya turo mini ta gefe kafin Juma'a.