Wasiƙa daga hamadar Arizona

Assalamu alaikum aminina,

Ina fatan kana lafiya, kai da iyali da Hajiya. Yaya hunturu, yaya kasuwa? Ka tambaye ni a waya yadda muke yi da wuta a motar nan mai ɗaki da kicin a ciki, tunda ba a jone take da layin kowa ba. Zancen ya fi ƙarfin waya, kuma kai mai sana'ar sola ne, shi ya sa na zauna na rubuto.

Muna kusa da wani ƙaramin gari da ake kira Quartzsite a jihar Arizona. Filin gwamnatin tarayya ne, hukumar filayen gwamnati da ake kira BLM ke kula da shi. A galibin wuraren za ka ajiye mota kyauta har kwana 14, sannan ka matsa gaba. Akwai kuma yankin La Posa, inda ake yankar takarda a zauna tun daga 15 ga Satumba har 15 ga Afrilu. Tsofaffi 'yan fansho ne suka cika wurin, sun gudo daga ƙanƙarar jihohin arewa da Kanada. Duk faɗin filin babu inda mota za ta jona wuta, kowa shi ne NEPA ɗin kansa.

Wuta iri biyu ce a motar. Fitilu da famfon ruwa bolt 12 suke sha kai tsaye daga batir. Abin da ake jonawa a soket kuwa bolt 120 ne, ba 230 irin namu ba, wannan sai ta inbata. Lissafin batir ka fi ni saninsa: mai amfiya 100 in mai ruwa ne rabi kawai za ka ci, in ka zarce ka rage masa kwana. Litiyam ana cinye shi kusan duka, sai dai yana da nasa sharaɗin da ba za ka taɓa cin karo da shi a Kano ba. In sanyi ya kai inda ruwa ke daskarewa, ba a yi masa caji, lalacewa yake yi. Don haka mutane suke ɗauke shi daga akwatin waje su sa shi ƙarƙashin gado ko kujera.

To ga abin da nake so ka ji. A gida zafi ne ke cinye batir, fanka da firji. A nan sanyi ne. Da rana rigar shan iska ta ishe ka, amma da rana ta faɗi sai hamada ta juye, kafin asuba hannu ba ya son taɓa ruwan alwala. Hitar motar da gas take ba da zafi, sai baƙo ya ɗauka ba ruwanta da batir. Alhali fankar da ke hura iskar cikin ɗaki amfiya 7 zuwa 8 take ja. In ta kunna ta mutu, ta kunna ta mutu, har ta tara awa biyar a dare, amfiya 35 zuwa 40 sun tafi, wato kusan duk rabon batir mai ruwa guda ɗaya. Ga inbata in an manta da shi a kunne, yana shan nasa ko da ba a jona komai ba. Ga na'urar da ke sansano yoyon gas, ita ma ba ta barci, kuma ba a kashe ta. Mu dai muna ɗumama ɗaki kafin isha'i, mu rage hitar, mu shige bargo biyu.

Washegari sai a jira rana ta biya bashi, ita kuma ba ta da kuzari. A ƙarshen Disamba, ko da tsakar rana, ranar ba ta ɗagawa sama sosai a nan, kusurwarta daga ƙasa ba ta wuce digiri 33, alhali a Kano tana haura 50. Farantin solar da ke kwance a rufin mota hasken a karkace yake samunsa. Masu wayo suna hawa su tokare farantan su fuskanci kudu, wasu kuma suna da na ƙasa mai doguwar waya, suna juya shi da hantsi, da azahar, da la'asar. Ƙura ma tana nata, don haka tsumma da ruwa kaɗan suna cikin kayan aiki.

Firji bai dame mu ba. Da gas yake aiki, ɗan harshen wuta ne a bayansa, tamkar firjin kananzir da ake ajiye allurar rigakafi a asibitin ƙauye. Na'urar sanyaya ɗaki kuwa wajen wat 1,500 take ja, ba ma tunaninta. Janareta akwai, muna tayar da shi in hadari ya rufe rana, amma da dare ba a yi, maƙwabta shirun suka zo nema.

Abin da ke ba ni mamaki, da zarar batir ya kasa kai mutum asuba sai ya ruga ya ƙaro faranti. A ganina kuɗin ya fi amfani a ƙaramar mitar nan da ake ɗaurawa a wayar batir, mai ƙirga abin da ya shiga da abin da ya fita. Musamman ga mai litiyam, don bolt ɗinsa kusan ba ya motsi har sai ya kusa ƙarewa, mai kallon bolt kawai ba zai san inda yake ba. Kana sa wa kwastomominka irinta kuwa, ko tsada ke hana su? Ka ba ni labari, har da yadda farashin litiyam yake yanzu a kasuwa.

Ka gaida Hajiya da kyau, ka ce ina neman addu'a. Maiɗakina tana gaida taka. A gaida yara da mutanen majalisa gaba ɗaya.

Wassalam,
Naka amini.