Wanda ya ce ya gaji da duniya, a tambaye shi kafin a yi masa wa'azi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a shafinku na wasiƙu. Duk sanda aka buga labarin wani ya kashe kansa, sai ka ga jama'a sun yi masa ca: wannan ya ce rashin imani ne, wancan ya yanke masa hukuncin lahira, wani kuma ya ce ai mu ba a san mu da wannan ba. Da can ni ma bakina ɗaya da su, har sai da abin ya faɗo cikin gidanmu. Na nemi izinin mai labarin kafin in rubuto, sharaɗinsa kawai kada in ambaci sunansa.

Ƙanena tela ne, mai ɗinkin maza. Shekara biyu ke nan, ana saura mako uku ƙaramar sallah, lokacin da tela ba ya samun sukunin ko sosa kai, sai ya fara mayar wa mutane yadinsu. Ya lulluɓe keken da tsohon zani. Matarsa ta ce tun ƙarfe biyu na dare yake farkawa, ya zauna bakin gado ya ƙura wa bango ido har a tashi sahur. In an sha ruwa, kunu kawai yake kurɓa. Muka ce azumi ne da matsin rayuwa. Inna ta aika aka karɓo rubutu, aka yi masa ruƙiyya har sau biyu. Kawunmu kuwa zaunar da shi ya yi, ya ce, "Kai ba namiji ba ne? Wane ne ba ya shan wahala a ƙasar nan?"

Ina da maƙwabciya ma'aikaciyar jinya, na kai mata kukana. Ta ce, "Maman yara, ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, ban da kewaye-kewaye." Na ce subhanallahi, in je in saka masa abin da babu a ransa? Ta ce tambaya ba ta dasa wannan tunani. Wanda ba shi da shi zai ce miki a'a, wanda yake da shi kuwa kin sauke masa kaya.

Bayan kwana biyu sai ga shi a gidana da almakashinsa, wanda marigayi Baba ya saya masa ranar da ya gama koyon sana'a. Ya ce in ajiye wa ɗansa. Ya biya ni dubu huɗu da nake binsa, kuɗin da har na manta da su. Da zai fita ya ce, "Yaya, duk abin da na yi miki, ki yafe mini." A natse ya faɗa, har da murmushin da rabona da gani an fi wata biyu. Wannan natsuwar ce ta sa gabana ya faɗi. Na riƙe hannun rigarsa, na yi masa tambayar yadda aka koya mini. Ya zauna a dokin ƙofa ya fashe da kuka. Ya ce wata uku ke nan tunanin bai bar shi ba, ko a cikin sujada zuwar masa yake, har ya ɗauka ya riga ya fita daga Musulunci, shi ya sa ya kasa gaya wa kowa. Ya ce gani yake matarsa da yaransa za su fi hutawa in ba ya nan.

A daren nan ba mu bar shi shi kaɗai ba. Muka kwashe duk abin da zai iya cutar da kansa da shi daga gidan, da safe muka nufi asibiti. Likitan ƙwaƙwalwa ya ce ciwon damuwa ne mai tsanani, ciwo kamar hawan jini ko suga: baƙin ciki ya wuce mako biyu bai ɗaga ba, barci da abinci su lalace, abin da mutum ke so ya fita a ransa, ya riƙa ganin kansa ba shi da amfani. Ya gargaɗe mu cewa maganin yakan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a ga aikinsa, kuma ko an ji sauƙi ba a yanke shi rana ɗaya, sai an ci gaba aƙalla wata shida. Da bai faɗa ba, da Inna ta watsar da ƙwayoyin tun a mako na farko.

Ba na musun cewa kashe kai haramun ne. Amma zuwan tunanin daban, aikata shi daban. Nana Maryam, da naƙuda ta kai ta gindin dabino, cewa ta yi ina ma ta mutu kafin wannan, kuma ba tsawa aka yi mata ba, cewa aka yi kada ki yi baƙin ciki, ga ruwa ga dabino. Annabi Yaƙubu ya yi baƙin cikin Yusufu har idanunsa suka yi fari. Wa zai ce imaninsu ne ya yi rauni? Malamanmu sun fi ni sanin hadisin da ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Roƙona shi ne, in an kawo musu irin ƙanena, su yi addu'a sannan su ce a wuce asibiti.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum 700,000 ke kashe kansu duk shekara. Mu a nan Najeriya likitocin ƙwaƙwalwa ba su kai 300 ba, ga jama'a sama da miliyan 200. Duk da haka akwai wurin zuwa: asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, na Dawanau a Kano, na Kware a Sakkwato, da na Maiduguri, ga kuma sassan ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa. Mutane na gudun wuraren nan don kada a ce ɗansu ya haukace, alhali yawancin waɗanda muka tarar a layi da ƙafarsu suka zo, da katinsu a hannu.

Sai maganar doka. Sashe na 231 na kundin hukunta laifuka, wato Penal Code, da Arewa ta gada tun 1960 ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara guda, ko biyan tara, ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. Wato wanda Allah ya kuɓutar, mu kuma mu miƙa shi ga 'yan sanda. Ina dalilin da iyali ba za su ɓoye ba? Ghana ta soke irin wannan hukunci a 2023. A 2023 ɗin ce ma aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya, wadda ta maye gurbin ta 1958 mai kiran majinyata mahaukata. 'Yan majalisunmu su ƙarasa ladansu, su soke wancan hukunci.

Ku ma 'yan jarida ina da ƙorafi. In za ku ba da irin wannan labari, me ya kawo bayanin yadda mutum ya yi, har da hoto? Akwai mai karantawa da yake bakin gaɓa. Ku bar wannan, ku rubuta inda ake samun taimako a ƙarshen labarin.

Ƙanena yana ganin likita har yanzu, duk bayan wata uku. Akwai ranakun da abin ke taso masa, amma yanzu yakan kira ni ya ce, "Yaya, yau dai sai a hankali," ni kuma na san abin da yake nufi. Bara, ana saura kwana goma babbar sallah, ya aiko ɗansa ya karɓi almakashin, wai na shago ya dakushe.

Taku,
Wata mai karatu daga Zariya