Rahoton Ayyukan Ƙungiyar Iyaye da Malamai, Shekarar Karatu ta 2023/2024

Assalamu alaikum. Iyayena, yayyena da ƙannena, barkanmu da ganin wata sabuwar shekarar karatu. Ga rahoton abin da ƙungiyarmu ta yi, da abin da ta kasa yi, daga Satumban 2023 zuwa fitowar sakamakon jarrabawa. Kwafin Faransanci yana hannun mataimakin shugaba. Lissafin kuɗi kuwa ma'aji zai karanto shi dala-dala ranar babban taro, don haka ba zan cika ku da lambobi a nan ba.

Zaman kwamiti mun yi shi yadda aka saba, sau ɗaya a wata, in ban da watan azumi.

Bari in fara da rumfa, tunda ita ake tare ni da ita a kasuwa, a masallaci, har a gidan suna. E, ginshiƙan ƙarfen nan da kuke gani tsaye bayan ajujuwan firamare su ne rumfar cin abincin da muka yi alkawarin gamawa kafin zafi. Ba a gama ba. An zuba siminti, mai walda ya kafa ginshiƙai ya ɗora ƙarafan sama, sai kuɗin kwano ya gagara. Na ji ana cewa wai kwamiti ya yi gaggawa, da ma an jira kuɗi sun taru tukuna. Masu faɗin haka ina tunatar da su cewa a babban taron bara, da hannuwanku a sama, aka amince a fara da abin da ke hannu saboda kada farashin ƙarfe ya ƙara tashi. Kuma ya tashi. Da mun jira, yau ko ginshiƙan ba za ku gani ba. Lissafinmu ya dogara ne kan cewa kowane gida zai biya kuɗin ƙungiya kafin hutun Disamba, sai ga shi har aka rufe makaranta waɗanda suka biya cikakke ba su kai rabinmu ba. An ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mu jinkar ce ma ba mu samu sayowa ba.

Na san shekarar ta zo da nauyi, ni ma a garin nan nake. Tun da Najeriya ta janye tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, man kwalba da masu mashin ɗin Garwa suka dogara da shi ya daina araha, kuɗin kai yaro makaranta daga Djamboutou ko Yelwa ya ƙaru. A Fabrairun 2024 kuma gwamnatinmu ta Kamaru ta ƙara nata: litar fetur daga sefa 730 zuwa 840, gas, wato dizal, daga 720 zuwa 828. Masu kasuwanci da Yola da Mubi sun ga yadda naira ta yi ta rawa. Duk wannan gaskiya ne, kuma wanda ya zo ya faɗa mana halin da yake ciki mun ɗaga masa ƙafa ba tare da kowa ya ji ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya daban ne. Mutumin da ya iya biyan kuɗin makaranta irin tamu, ya sayi littattafai na Faransanci da na Turanci, ya ɗinka kayan makaranta kala biyu, a ce kuɗin ƙungiya, wanda bai kai na cefanen kwana uku ba a gidansa, shi ne zai gagare shi?

Akwai wani bawan Allah, ba zan kama suna ba, ya san kansa. Sau uku ina zuwa shagonsa da littafin rasit a aljihu. Zuwan farko ya sa aka kawo mini shayi, muka yi hirar Coton Sport, ƙungiyar ƙwallon garinmu, har aka kira la'asar. Na biyu aka ce ya shiga ciki, na zauna kan buhun shinkafa ina kallon takalmansa a bakin ƙofa. Na uku ya ce, "Haba Sakatare, ai ta Orange Money zan turo, yau ɗin nan." Wata bakwai ke nan. Shi ne kuma ya fi kowa tura saƙon murya a zaurenmu na WhatsApp cewa 'yarsa tana cin abinci a rana. Gaskiya ya faɗa, a rana take ci. A Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, yaran firamare gindin darbejiya guda biyu suke rububi, wanda bai samu inuwa ba ya jingina da bango. Wata rana a Afrilu, bayan Sallah, wata yarinya 'yar aji uku ta yanke jiki ta faɗi a filin nan, malamai suka yayyafa mata ruwa aka kira mahaifiyarta. Ta warware, alhamdu lillahi. Amma ni aka kira aka tambaya ina rumfa.

Tafiyar Lagdo ita ma ba ta yiwu ba. Malamin kimiyya ya so 'yan sakandare su ga madatsar da idonsu, su ga yadda ruwan Binuwai ke juya injinan da ke ba arewacin ƙasar nan wuta tun da Sinawa suka kammala ginin a 1982, su kuma gane dalilin da ya sa wuta ke yin wasa da mu idan ruwa ya ja baya a bazara. Mun yi ciniki da mai mota a Janairu, kafin mu tara kuɗin aka ƙara farashin gas, ya ce tsohon ciniki ya tashi. Iyaye kaɗan ne suka dawo da takardar izini da sa hannu. Waɗanda suka riga suka biya an mayar musu da kuɗinsu, rasit yana nan.

To, yanzu ga abin da ya wanke mana zuciya.

Ranar al'adu da muka shirya a makon Bikin Matasa, bayan makon harsuna biyu da makarantun ƙasar nan ke yi, ban taɓa ganin irinta ba tun da na shiga ƙungiyar nan. Bikin Matasa na 11 ga Fabrairu ya faɗo ranar Lahadi, yaranmu sun yi faretinsu lafiya, amma namu taron na cikin gida shi ne har yanzu ake zancensa. Tun da asuba iyaye mata suka fara sauke tukwane. Hajiyoyinmu na Yelwa da Lopéré suka kafa tandar waina, ga dambu, ga fura da nono a ƙwarya. Matan Cadi suka zo da kisar da miyar busasshiyar kuɓewa da shayinsu mai kauri. 'Yan'uwanmu na kudu suka kawo miyoyin ganyensu, ndole da eru, wani uba kuma ya tsaya da kansa gaban wuta yana gasa kifin Binuwai, hayaƙi na shiga masa ido, bai ko cire hular ofis ba. Zoɓon da nan ake ce wa folere ya ƙare tun kafin azahar. Na ga wani Alhaji da ya rantse mini ba ya cin abincin da bai san sunansa ba, ya koma layin ndole karo na biyu yana waige-waige.

Muhawarar 'yan sakandare ita ce ta fi burge ni. Malamai suka juya abin: 'yan ɓangaren Faransanci su yi magana da Turanci, 'yan ɓangaren Turanci su mayar da Faransanci, a kan ko ya dace ɗalibi ya riƙe waya. Wata yarinya 'yar ɓangaren Faransanci tana cikin zuba hujja sai kalma ta ɓace mata. Ta tsaya, ta dubi sama, fili ya yi tsit. Sai kawai ta jefa kalmar da Fulatanci ta ci gaba da Turancinta kamar ba abin da ya faru. Aka fashe da dariya da tafi, alƙalai suka rage mata maki ɗaya, duk da haka ɓangarenta ne ya ci. Mahaifinta yana kusa da ni, bai ce uffan ba, sai gyara zaman hula yake ta yi.

Sai 'yan firamare da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, wadda suka yi da Hausa, wani na fassarawa da Faransanci, wata da Turanci. Wanda ya fito a Gizo yaro ne ɗan Bamenda, iyayensa sun dawo Garwa ne saboda rikicin da ya addabi yankinsu tun 2016. Shekara biyu da suka wuce ko "sannu" bai iya ba. Ran nan ya fito da ƙafafun kwali guda takwas, ya ce "Ga ta nan, ga ta nanku," fili duka ya amsa "Ta zo mu ji ta," har da waɗanda ba su san ma'anarta ba. Da ya zo gaban sarki ya lanƙwashe harshe irin na Gizo, tsofaffinmu suka riƙe ciki. Mahaifiyarsa tana kuka tana ɗauka da waya. Duk wanda ke tambaya me ƙungiya ke yi da kuɗinsa, da ya zo ran nan.

A gefe guda kuma 'yan kulob ɗin kimiyya, masu haɗuwa ranar Laraba da yamma, sun jera abin da suka ƙera. Akwai matatar ruwa ta gora da tsakuwa da yashi da gawayi: aka zuba ruwan kogi ja-ja-wur, ya ɗigo garau, malaminsu yana ta jaddada wa mutane cewa tacewa ba ta kashe ƙwayar cuta, sai an tafasa. Akwai murhun rana na kwali da takardar gwangwani, wanda ya dafa ƙwai, ko da yake sai da muka jira shi har muka manta da shi. Abin da aka samu daga sayar da abinci shi muka sayi randuna da tankin ruwan sha da ke ƙofar ajujuwan ƙanana, muka ƙara littattafan karatu a laburare. Iyayen da suka dafa ba wadda ta karɓi kuɗin cefanenta. Allah ya saka musu da alheri, ya raya musu zuriya. Sai dai a nan ma, waɗanda suka tsaya share fili da kwashe kujeru bayan magariba su ne dai mutanen da kuka sani, waɗanda ba su cika yatsun hannu biyu ba.

Sakamakon jarrabawa yana manne a allon sanarwa, kowa ya je ya duba. 'Yan firamare, na CEP, jarrabawar kammala firamare ta ɓangaren Faransanci, da na First School Leaving Certificate ta ɓangaren Turanci, sun fitar da mu kunya. BEPC, ta ƙarshen ƙaramar sakandare a ɓangaren Faransanci, ita ma madalla. 'Yan GCE, wato 'yan sakandaren ɓangaren Turanci, waɗanda sai an jira hukumarsu da ke Buea ta saki nasu, sun yi ƙoƙari ƙwarai a Turanci da ilmin halittu, lissafi ne ya ɗan ja su baya. Inda muka ji jiki shi ne Probatoire, kuma ina roƙon iyayen da suka zo daga Najeriya su fahimci wannan: a tsarin Faransanci yaro ba ya shiga ajin ƙarshe ya zauna Baccalauréat, jarrabawar kammala sakandare, sai ya tsallake ta, don haka wanda ya faɗi maimaita shekara zai yi, ba roƙon da zai ɗaga shi. Kada a zo wa kwamiti da wannan maganar, ba ta hannunmu ba ce, ba ta hannun darakta ba ce.

Darasin ƙari na ranar Asabar da ƙungiya ta ɗauki nauyi ya taimaka. Azumi ya kama ranar 11 ga Maris, daidai lokacin bita kuma cikin tsakiyar zafi, shi ya sa muka mayar da darasin sassafe, a tashi kafin rana ta take. Malaman da suka koyar har yanzu muna riƙe da ladan watansu na ƙarshe. Ina jin nauyin haɗa ido da su a bakin ƙofa. Ba su taɓa tambaya ba, wannan ne ma ya fi damuna.

Maganar sallar Juma'a mun kai wa hukumar makaranta, an amince manyan yara maza su fita da wuri idan uba ya sa hannu. Maganar abincin kanti da ake kuka da tsadarsa an ce ana dubawa, tun Nuwamba ake dubawa. Cunkoson mashina a bakin ƙofa lokacin tashi ya ragu tun da wasu iyaye biyu suka ɗauki tsayuwa a wurin bi da bi, amma ɗayansu an yi masa canjin wurin aiki zuwa Ngaundere, muna neman wanda zai maye gurbinsa. Na rubuta haka a zaure sau biyu. Mutane da yawa sun karanta, na ga alamar, ba wanda ya amsa.

Wa'adin wannan kwamiti ya ƙare da wannan rahoto. Ni dai na faɗa wa shugaba ba zan sake tsayawa sakatare ba, kuma a wannan karon da gaske nake, ko da yake bara ma haka na ce. Za a yi zaɓe a babban taro, kuma kwamiti zai kawo shawarar a riƙa karɓar kuɗin ƙungiya tare da kason farko na kuɗin makaranta, don a huta da yawon shaguna. Mai walda ya ce idan kwano ya samu, kwana huɗu ya ishe shi ya rufe rumfar, ya kuma gargaɗe mu cewa ƙarafan sun sha damina ɗaya ba fenti, tsatsa ta fara kama gindinsu. Masu bashin bara, littafin rasit yana wurina har ranar taro. Ina bakin ƙofar makaranta kowace safiya daga bakwai saura kwata, gefen mai sayar da ƙosai.

Sakataren ƙungiya
Garwa